Kundin Aikin Haɗa Bayanan Masu Juna Biyu Tsakanin Cibiyoyin Lafiya da Babban Asibiti

13 ga Janairu, 2025

An buɗe wannan kundi ne domin a riƙa rubuta yadda aikin haɗa bayanan mata masu juna biyu yake tafiya tsakanin cibiyoyin lafiya na matakin farko guda huɗu da babban asibitin ƙaramar hukumarmu, wanda shi kaɗai ne yake da ɗakin tiyata da wurin ajiyar jini a duk yankin. An ɗora mini riƙe kundin saboda daga ɗakin kati na fito, kuma a can ne ake fara ganin ɓarnar da rashin haɗin bayanai yake yi.

Ga yadda abubuwa suke a yau. Mace takan zo awo a ba ta kati, a rubuta sunanta a rajistar awo, a auna jininta da nauyinta da tsawon cikin, sannan ta tafi gida da katin. A ƙarshen wata shugabar cibiya za ta ƙirga layukan rajista, ta cike fom ɗin rahoton wata, jami'in alƙaluma na ƙaramar hukuma kuma ya shigar da jimillar cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo take kula da ita, wadda Najeriya ta ɗauka a matsayin rumbun alƙaluman lafiya na ƙasa. Wannan tsari yana iya gaya wa Abuja adadin matan da suka zo awo a watan Disamba, amma babu abin da yake gaya wa ungozomar da aka shigo mata da mace cikin dare tana jijjiga, 'yan rakiya sun manta katin a gida, babu wanda ya san ko jininta ya daɗe yana hawa, ko an taɓa yi mata aiki a haihuwar baya.

Saboda haka kwamitin aikin ya amince cewa ba za mu yi ƙoƙarin mayar da dukkan takardun asibiti cikin kwamfuta ba. Abin da muke nema shi ne shafi guda na taƙaitaccen bayanin kowace mai juna biyu, wanda zai riga ta isa babban asibiti idan aka tura ta, ya kuma dawo cibiyarta da labarin abin da aka yi mata. Wasu a kwamitin sun ga wannan buri ya yi ƙanƙanta. An tuna musu da babban shirin da Ingila ta ƙaddamar a 2002 domin haɗa bayanan dukkan asibitocinta lokaci guda, wanda aka wargaza a 2011 bayan ya laƙume kuɗin da aka ƙiyasta sun kusa fam biliyan 10, kuma su ba matsalar wuta ko sabis ce ta kayar da su ba.

28 ga Janairu, 2025

Abubuwa biyu da suka faru a makon jiya sun sa mun sake duba kasafin aikin. Hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, sannan gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje na kwana 90. Aikinmu ba ya cikin waɗanda wannan tallafi yake ɗauke da su, amma sashen kula da masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau yana ciki, kuma a faɗin ƙasar nan shi ne ɓangaren da ya fi kowane ci gaba wajen ajiye bayanan majiyyata a kwamfuta, da manhajoji irin su LAMIS da NMRS, da rumbun ƙasa da suke aika wa bayanai, har da ɗaukar zanen yatsa domin kada a rubuta mutum ɗaya sau biyu. Ganin yadda makomar masu shigar da waɗancan bayanai ta shiga rashin tabbas a dare ɗaya ya sa muka tsayar da sharuɗɗa uku tun kafin a sayi ko da igiyar caji: sabar, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe bayanan, ta zauna a cikin babban asibiti, lambobin sirrinta su kasance a hannun ma'aikatan gwamnati, kuma kuɗin data na wata ya zama wanda cibiya za ta iya biya daga kuɗin gudanarwarta ko da kowane mai tallafi ya janye.

An zaɓi OpenMRS a matsayin tushen manhajar. Dalili shi ne kyauta ce, kowa yana iya gani da gyara rubutunta, tun 2004 ake gina ta domin asibitocin da ba su da yalwa, kuma a garin Eldoret na ƙasar Kenya aka fara aiki da ita, inda yanayin bai yi nisa da namu ba. Bugu da ƙari NMRS ma a kanta aka gina ta, don haka akwai matasa a jihohinmu da suka riga suka san cikinta.

18 ga Fabrairu, 2025

An shafe makonni ana jayayya kan abin da zai shiga shafin taƙaitaccen bayanin. Kowane sashe yana son nasa ya shiga, har jerin farko ya kai tsawon da babu ma'aikaciyar da za ta iya cike shi alhali mata sun cika benci suna jiran awo. Babbar ungozomar asibitin ce ta raba gardamar, da ta ce a cire duk wani abu da ba zai sauya matakin da za ta ɗauka a mintoci goma na farko ba. Da wannan ma'auni aka tace jerin, abin da ya rage shi ne: adadin ciki da haihuwa da ɓari, ko an taɓa yin aiki, ko an taɓa zubar da jini bayan haihuwa, ranar da ake sa ran haihuwa, awon hawan jini na kowace ziyara da sakamakon gwajin fitsari, yawan jini, rukunin jini, sikila idan akwai, magungunan da jikinta ba ya karɓa, allurar rigakafin tetanus, da adadin maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro da ta sha.

Na goyi bayan a ajiye awon jini na kowace ziyara maimakon na ƙarshe kawai. Awon 140 bisa 90 bayan mako na 20 tare da furotin a fitsari shi ne alamar da ake tsoro, amma macen da take 100 bisa 60 a farkon ciki ta dawo 135 bisa 85 ta fi buƙatar a sa mata ido fiye da yadda lamba ɗaya za ta nuna, kuma ba a ganin wannan sai an jera awon gaba ɗaya.

Wurin da muka fi daɗewa shi ne ranar haila ta ƙarshe. Manhajar tana neman ranar Miladiyya domin ta ƙara kwana 280 ta fitar da ranar haihuwa, matan kuwa da watan Musulunci suke lissafi, wata ta ce tun watan Rajab ba ta ga al'ada ba, wata ta ce sati biyu bayan Takutaha. Ma'aikata sukan yi kirdado su rubuta ɗaya ga wata, abin da yake iya karkatar da lissafi da makonni. Yanzu an sa teburin juya kwanan wata a cikin fom ɗin, an kuma ƙara gurbin da za a nuna ko ranar tabbatacciya ce ko ƙiyasi ce, domin likitan da zai yanke shawarar tayar da naƙuda ya san irin ƙasar da yake takawa.

Game da yadda na'urorin za su yi magana da juna, an tsaya a kan ƙa'idar FHIR ta ƙungiyar HL7, bugu na huɗu. Amfaninta a gare mu shi ne tana tsara kowane bayani, kamar majiyyaci da ziyara da sakamakon awo, a siffar da wata manhaja daban za ta gane, ta yadda idan jiha ko tarayya ta zo da nata tsarin ba sai an sake rubuta komai da hannu ba.

12 ga Maris, 2025

Azumi ya rage yawan masu zuwa awo da rana, sai muka yi amfani da damar wajen gwada shigar da tsofaffin rajistoci, a nan ne kuma babbar matsalar aikin ta fito fili, wato gane cewa wannan matar ita ce waccan.

A rajistar cibiya ɗaya kaɗai an sami suna guda an rubuta shi A'isha da Aisha da Aishatu da A'i, ga kuma masu amsa Indo a gida, sunan mijin kuma yana zuwa Muhammad ko Mohammed ko Muhammadu ko Mamman, gwargwadon hannun da ya riƙe biro a ranar. Wata takan ba da sunan mahaifinta a ziyarar farko, a ta biyu a rubuta na mijinta. Wata kuma kunya ba za ta bari ta ambaci sunan mijin ba sam, sai 'yar rakiya ta faɗa, idan kuwa babu 'yar rakiya sai a rubuta laƙabinsa ko sana'arsa. Shekarun haihuwa yawanci ƙiyasi ne, shi ya sa ɗaya ga Janairu ta zama ranar haihuwar rabin gari. Lambar waya, wadda masu tsara manhaja suke ɗauka shaida ce mai ƙarfi, sau da yawa ta maigida ce, kuma a gidan da ake da mata biyu ko uku duk ita za su bayar. Mun ci karo da kishiyoyi biyu masu suna ɗaya, miji ɗaya, unguwa ɗaya, lamba ɗaya, dukkansu da juna biyu, manhajar kuwa ta kawo shawarar a haɗe su su zama mutum guda. Da an bi shawarar, da rukunin jinin uwargida ya hau kan fayil ɗin amarya.

An tattauna yin amfani da lambar NIN mai lambobi 11. Babu shakka ita ce mafita ta dogon zango, kuma an bar mata gurbi a fom ɗin, amma mata da yawa a ƙauyukanmu ba su da ita, masu ita ma ba sa zuwa da takardar, kuma kwamitin ya ƙi yarda a mayar da ita sharaɗin awo, domin duk abin da zai sa a mayar da mai ciki gida ba a duba ta ba ya saɓa wa manufar aikin. Indiya ta bi wata hanya, inda ta ƙirƙiri lambar lafiya ta daban mai lambobi 14, amma wannan mataki ne na ƙasa, ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Zanen yatsa ma an gwada shi, sai dai hannun da ya sha surfe da aikin gona ba kullum na'ura take karanta shi ba, kuma kuɗin na'urorin ya wuce abin da muke da shi.

Matsayar da aka cimma ita ce kowace mace za a ba ta lamba ɗaya ta aikin a ziyararta ta farko, a buga ta a ƙaramar takarda mai manne da ke ɗauke da alamar da kyamara take karantawa, a liƙa a katinta na awo. Idan babu katin, za a nemo ta da sunanta da na mahaifinta da na mijinta da unguwa da sunan mai unguwa, manhajar ta jero waɗanda suka yi kama, ma'aikaciya ta zaɓa bayan ta yi mata tambayoyi. An hana manhajar haɗe fayil biyu da kanta. A ganina fayil biyu na mace ɗaya ɓata lokaci ne da za a iya gyarawa daga baya, amma fayil ɗaya na mata biyu yana iya kai mutum kabari, don haka duk inda aka yi shakka a bar su a rabe.

Katin takarda kuma yana nan daram. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016 da suka kawo ziyarar awo takwas, ta ce a bar kowace mai juna biyu ta riƙe bayananta a hannunta, kuma babu dalilin da zai sa kwamfuta ta ƙwace mata wannan.

8 ga Afrilu, 2025

An koma aiki bayan ƙaramar salla, an kuma kammala sa sola da batir a cibiyoyi uku. Ta huɗun tana da solar firjin rigakafi, amma an ƙi yarda a jona komai a kanta, kuma daidai ne, don haka za a riƙa cajin kwamfutar hannunta a garin da ke kusa har kayan su iso. Zafin wannan wata ya sa sabar tana kashe kanta da tsakar rana, sai aka fitar da ita daga ɗakin kati zuwa ɗakin ajiyar magani, inda ake da fanka da silin.

20 ga Mayu, 2025

Wannan wata na batun sirri ne da amincewa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowace cibiya ajiye bayanan majiyyaci da kare su, ta kuma hana bayyana su sai da izininsa ko bisa wasu dalilai da ta ƙayyade. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ake tsananta wa kariya, ta kuma ce idan aka sami kutse ko yoyon da zai iya cutar da mutane a sanar da hukumar kare bayanai cikin sa'o'i 72. An rubuta takardar neman izini da Hausa, da boko da ajami, ana karanta wa mace kafin a shigar da ita, wadda ta ƙi kuma ana yi mata awo kamar kowa.

Mun kai gaisuwa wurin hakimi tare da shugabannin kwamitocin raya gundumomi domin a yi wa masu unguwanni da limamai bayani. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, tambayata ɗaya ce, abin da matata ta gaya wa malamar asibiti a ɗaki, yaron da yake gyara kwamfutar zai gani ko ba zai gani ba?" Tambayar ta fi duk abin da muka shirya faɗa nauyi, domin a garin da kowa ya san kowa, wanda ake gudun ya gani maƙwabci ne ko suruki ko ɗan kishiya da yake aiki a asibitin. An ba shi amsa cewa mai gyara ba ya ganin sunaye, ma'aikacin ɗakin kati yana ganin suna da unguwa kawai, sakamakon gwajin ƙanjamau kuma a rufe yake sai ga ungozoma da likitan da suke duba matar a lokacin.

Wannan alkawari ba zai tabbata ba muddin ana aron lambar sirri, abin da muka tarar ana yi a ko'ina: mutum ɗaya ya buɗe da safe, kowa ya yi aiki da sunansa har dare, a wata cibiyar ma an rubuta lambar a bayan kwamfutar. Ba mugunta ce ta kawo hakan ba, dogayen kalmomin sirri ne masu wuyar bugawa da safar hannu. An sauya su da gajeriyar lamba ta kowane ma'aikaci, allon kuma yana rufe kansa idan aka bar shi. Ƙasar Estoniya, wadda ta fara kundin lafiya na ƙasa ta intanet a 2008, tana bai wa kowane ɗan ƙasa damar ganin sunan duk wanda ya buɗe fayil ɗinsa. Ba mu kai nan ba, amma sabarmu tana rubuta wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe, kuma an sanar da ma'aikata cewa shugaban asibiti zai riƙa duba wannan jeri kowane wata.

24 ga Yuni, 2025

Tun bayan babbar salla shigar da bayanai ya ja baya a cibiyoyi biyu. Da na je ɗaya daga cikinsu ranar awo na zauna a gefe, sai na ga dalilin. Ma'aikaciya ɗaya ce take auna jini, ta taɓa ciki, ta saurari bugun zuciyar jariri, ta rubuta a kati, ta rubuta a rajistar awo, ta rubuta a rajistar masu zuwa ta kullum, sannan mu kuma mun ƙara mata kwamfuta. Ta ce mini, "Malam, rajista ita ake zuwa dubawa daga ofis, ita zan fara cikewa, taku sai in an tashi." Idan an tashi kuwa katunan sun tafi gida da masu su, sai ta kwafa daga rajista, wadda ba ta ɗauke da rabin abin da muke buƙata.

Babu horon da zai magance wannan, sai an rage mata wani aikin a madadin wanda aka ƙara. Abin da muka iya yi shi ne sa manhajar ta riƙa fitar da alƙaluman awo na rahoton wata da kanta, daidai da layukan fom ɗin ƙasa, ta yadda daren da shugabar cibiya take kwana tana ƙirga layuka da fitilar waya zai fita daga wuyanta. An nemi izinin ofishin lafiya na ƙaramar hukuma a gwada wata uku ana kwatanta ƙirgar hannu da ta na'ura, idan sun yi daidai a duba yiwuwar karɓar bugaggen shafi a maimakon rajistar awo. Izinin gwajin ya samu, na ajiye rajistar kuwa ba a hannunsu yake ba.

22 ga Yuli, 2025

Damina ta kankama, hanyar cibiya mafi nisa ta yanke a wurin kwari, sabis kuma yana ɗaukewa duk lokacin da hadari ya taso. Kwamfutocin hannu suna aiki ba tare da intanet ba, su aika abin da suka tara idan sabis ya dawo, wannan kuma ya wadatar ga awo na yau da kullum. Ga turawa ta gaggawa bai wadatar ba, saboda haka an ƙara hanyar saƙon tes: idan ma'aikaciya ta danna tura majiyyaciya, gajeren saƙo mai ɗauke da lambar matar da dalilin turawa da maganin da aka ba ta yana zuwa wayar ɗakin haihuwa, ba tare da suna ba.

A makon jiya aka ga amfanin wannan. An kai wata mai cikin fari cibiya da daddare tana ciwon kai da gani dishi-dishi, jininta ya haura 160 bisa 110. Ma'aikaciyar ta yi mata allurar farko ta magnesium sulphate, maganin hana jijjiga, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, giram 4 ta jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu, ta sa ta a mota. Kafin motar ta iso saƙon ya riga ya shiga, ungozoma ta buɗe fayil ɗin ta ga awon watannin baya da rukunin jini, ta kira likita, ta kuma san ƙarfe nawa aka yi allurar. Lokacin yin allurar shi ne abin da ya fi yawan ɓacewa a takardar turawa, alhali allura ta gaba bayan sa'o'i huɗu ake yin ta, kuma maganin yana da haɗari idan ya yi yawa a jiki, domin yana iya danne numfashi. A da, ungozoma takan tambayi 'yan rakiya ko an yi mata allura, su ce an yi, ba su san wace iri ba. Mace ɗaya ba hujja ba ce a kan nasarar aiki, kuma ban rubuta wannan a matsayin hujja ba, amma tun daga ranar ma'aikatan dare suka daina ajiye wayar ɗakin haihuwa a cikin durowa.

9 ga Satumba, 2025

Ɓangaren dawo da bayani daga babban asibiti zuwa cibiya shi ne mafi rauni. Ana sallamar mace bayan aiki ko ƙarin jini, ta koma ƙauye, cibiyar da ta tura ta ba ta san abin da ya faru ba sai dai ta ji a bakin mutane wurin suna. An taƙaita fom ɗin sallama zuwa abubuwa kaɗan, wato yadda aka haihu, halin uwa da jariri, cutar da aka gano, maganin da za ta ci gaba da sha, da ranar da za ta koma a duba ta, an kuma ɗora cike shi a kan nas ɗin da take sallama maimakon likita, wanda shi kaɗai ne a kan ɗakuna da yawa. Sunan cuta ana zaɓarsa ne daga gajeren jeri mai lambobin ICD-10, wato tsarin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, an kuma ajiye teburin da zai mayar da su ICD-11, wanda ya fara aiki a duniya tun Janairun 2022, domin ranar da za a buƙata.

Jarirai sun zo da tasu matsalar. Ana yi wa jariri allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna tun a kwanakin farko, suna kuwa sai ranar bakwai, don haka fayil ɗinsa yana buɗewa ne da "jaririn wance". Idan aka kawo shi rigakafin mako shida da sunansa na yanka, sai a buɗe masa sabo, na farkon ya zama maraya. Yanzu lambar jariri tana rataye da ta uwarsa, kuma da lambar uwa ake nemo shi. Tagwaye ma sai da aka yi musu tanadi na musamman, domin Hassan da Husaini uwa ɗaya ce, rana ɗaya, gida ɗaya, manhajar kuma tana ɗaukar na biyun kuskuren maimaici ne.

21 ga Oktoba, 2025

Gangamin rigakafin ƙyanda na wannan wata ya janye yawancin ma'aikatan cibiyoyi zuwa unguwanni, shigar da bayanai ya tsaya cak na kwanaki, yanzu ake cike giɓin daga katunan matan da suke dawowa. Kwatancen wata uku ya ƙare. A cibiyoyi uku ƙirgar na'ura da ta hannu sun yi kusa ƙwarai, inda suka saɓa kuma an fi samun kuskuren a ƙirgar hannu, musamman wajen rarrabe ziyarar farko da ta huɗu. A ta huɗun, wadda solarta ba ta iso ba sai a watan Agusta, giɓin yana da faɗi, kuma ba za a sa ta cikin rahoton da za a miƙa wa jiha ba sai an ƙara mata wata uku.

Abin da har yanzu ba mu da amsarsa shi ne goyon ciki. Mai cikin fari takan yi awo a garin mijinta, idan ciki ya tsufa ta tafi gidan iyayenta ta haihu ta yi wankan jego a can, sau da yawa a wata ƙaramar hukuma ko wata jiha, wani lokaci ma a tsallaken iyaka cikin Nijar. Su ne kuma rukunin da jijjiga ta fi kamawa. Tsarinmu yana ƙarewa ne a iyakar ƙaramar hukuma, saboda haka abin da muke yi a yanzu shi ne tambayar kowace mai cikin fari inda za ta haihu tun a wata na bakwai, a buga mata shafin bayaninta a liƙa cikin kati. Haɗin gaske sai an sami rajistar majiyyata ta jiha ko ta ƙasa. Ma'aikatar lafiya ta tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta ƙaddamar da shirin zamanantar da bayanan lafiya a 2024 da nufin samar da irin wannan haɗi, kuma saboda shi ne muka nace wa FHIR tun farko.

Ayyukan da ke gabanmu kafin ƙarshen shekara su ne horar da mutum na biyu a kowace cibiya, domin sauyin wurin aiki ya riga ya ɗauke mana ma'aikaciya ɗaya da ta fi kowa iya manhajar, da gwada dawo da bayanai daga kwafin ajiya a kan wata kwamfuta daban domin a tabbatar kwafin yana aiki, da kuma haɗa ɗakin gwaji, wanda har yanzu sakamakonsa a 'yar takarda yake fitowa sai wani ya kwafa. Kwamitin zai zauna a makon farko na Nuwamba domin yanke shawara kan ko za a ƙara cibiyoyi biyu a sabuwar shekara, kuma shawarar da zan kai ita ce a dakata har sai fom ɗin sallama ya zauna da gindinsa a ɗakin haihuwa.